Yaron da na yaye ya kwafe min inji, akwai inda zan kai ƙara?

Maiwalda: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a ɓace. Shekarata goma sha tara ina walda, shekara shida ke nan da na koma ƙera injinan gona zalla. Injin ɓarar gyaɗa da kowa ke yi a layinmu cutarsa ɗaya ce, yana farfasa ƙwaya, musamman in gyaɗar ta bushe ƙayau. Mai neman iri kuwa ba ya son fasasshiyar ƙwaya ko kyauta. Na yi wajen shekara biyu ina ɓarnar ƙarfe, rariyar ciki kaɗai na sake ta ya fi sau goma, har Allah ya sa na dace da wadda ake ɗagawa a sauke gwargwadon girman gyaɗar, na kuma canja fuli na rage masa gudu. Manoma suka karɓe shi. Yanzu shago bakwai ne ke yin irinsa sak, kuma wanda ya fara shi ne yaron da ya yi shekara bakwai a hannuna, ni na yaye shi, ni na saya masa injin waldarsa na farko. Suna karya farashi saboda siririn ƙarfe suke sawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani ya ce min akwai takardar da gwamnati ke bayarwa, fatent, wai in kana da ita ba mai taɓa maka abinka. Ina ake samunta, kuma zan iya kai su kotu?

Sarkin Zolaya: Wane faten, Oga? Na tsaki ko na wake? In na doya ne a zuba min da man ja.

Admin: Sarki, mutum na cikin damuwa. A bar wasa tukuna.

Barista: Wa alaikumus salam. Malam Maiwalda, sannu da haƙuri. Kafin in ce komai amsa min tambaya biyu. Yaushe ka fara sayar da wannan injin mai sabuwar rariya? Sannan ka taɓa nuna cikinsa a bainar jama'a, ko a hoto ko a bidiyo?

Maiwalda: Bara waccan da kaka na sayar da na farko, Hajiya Barista. Bidiyo kam na yi a TikTok, har na kwance murfin na nuna yadda rariyar take hawa da sauka. Shi ma ya jawo min ciniki, har daga Gaya da Hadeja aka zo.

Barista: To, ba zan ɓoye maka ba, a kan wannan rariyar an yi ihu bayan hari. Dokar da muke aiki da ita a Nijeriya ta 1970 ce, kuma sharaɗi uku ta gindaya: abin ya zama sabo, ya zama akwai basirar ƙirƙira a cikinsa wadda ba kowane ma'abocin sana'ar ne zai hango ta kai tsaye ba, sannan ya zama abin da za a iya ƙerawa a yi aiki da shi. Naka ina jin zai iya tsallake na biyu da na uku. Na farkon ne ya kayar da kai. A idon doka, sabo shi ne abin da jama'a ba su samu labarinsa ba, ko a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, a ko'ina a duniya, kafin ranar da ka shigar da takardarka. Ko kai da kanka ne ka nuna, ya tashi daga sabo. Rangwamen da dokarmu ta yi ƙarami ne: wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi yana da wata shida. A Amurka suna ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya bayyana abinsa. Ko da can kake, kai ka haura.

Maiwalda: Innalillahi. Wato ni na kashe kaina da bidiyona ke nan.

Ɗan Kasuwa: Barista, amma na ji an ce a Abuja ba sa wani bincike, in takardunka sun cika sai a buga maka hatimi. Me zai hana ya je ya karɓa, ya manna a shago, ya aika musu da kwafi? 'Yan walda ne fa, da sun ga hatimin gwamnati za su shiga taitayinsu.

Barista: Rabin maganarka gaskiya ce, Alhaji. Ofishin rajistar yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, kuma abin da yake dubawa shi ne cikar takardu, ba ya zama ya tantance ko abin sabo ne. Doka ma ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, in ta rushe kai ta rushe wa. To ka ga ranar da ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, domin ita ke da hurumin irin wannan shari'a, lauyan wancan ɓangaren ba abin da zai yi sai ya kunna wa alƙali bidiyon nan ya nuna kwanan watansa. A soke takardar, ya tashi da asarar kuɗin lauya. Tsoratar da mutane da takardar da ka san ba ta da ƙafa kuwa, ni ba zan ba wa kowa wannan shawarar ba.

Baba Injiniya: Ɗana Maiwalda, share hawayenka ka saurari tsoho. Keken ɗinkin da ke ɗakin uwarka, sunan wa ke jikinsa? Ko Butterfly ne, in an tashi yabonsa da Singer ake kwatanta shi. To ba Singer ne ke da takardar asali ba. Wani Ba'amurke ne Elias Howe ya karɓe ta a 1846, a kan allura mai ido a baki da ɗinkin zare biyu mai sarƙewa. Isaac Singer ya fito da nasa keken daga baya, Howe ya maka shi a kotu, ya kuma yi nasara a 1854, aka riƙa biyansa wani abu a kan kowane keke. Ya yi kuɗi ƙwarai, ban ce bai yi ba. Amma rigimar ta yi yawa, kowa na riƙe da takardar wani ɓangare, wannan na da ta allura wancan na da ta abin jan yadi, ba mai iya ƙera cikakken keke bai taka na wani ba. Sai a 1856 suka gaji suka zuba takardun a tukunya ɗaya. Singer da abokin kasuwancinsa Edward Clark kuwa suka kama abin da ya fi takarda: ma'aikata, sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, wakilai a gari-gari masu koya wa mata ɗinki da gyara keke in ya lalace. Yau ka tambayi telolin Kwari ko wane ne Howe ka ji.

Maiwalda: Baba, na ji, amma shi Howe ɗin ai an biya shi. Ni ko sannu ba a ce min ba.

Baba Injiniya: An biya shi domin ya rubuta kafin ya nuna. Kai ka nuna ba ka rubuta ba. Wannan ya wuce. Ina maganar abin da ya rage a hannunka ne.

Malam Na Zaure: Ni dai tun ɗazu ina karantawa zuciyata ba ta kwanta da wannan al'amari ba. Basira baiwa ce daga Allah. Hadisi ya tabbata cewa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama. Yaya mutum zai gano abin da zai amfani manoma, sannan ya nemi hukuma ta hana sauran bayin Allah yin irinsa? Wannan ba ɓoye ilimi ba ne da wani suna?

Barista: Allah ya gafarta Malam, a nan kam ina ganin an juya abin. Fassarar hadisi taku ce, ba zan shiga gonarku ba, amma ita wannan takarda kishiyar ɓoyewa ce. Kalmar ma daga Latin ta fito, ma'anarta abin da yake a buɗe. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da al'umma: ka rubuta yadda abinka yake dalla-dalla, da zane, yadda duk ma'abocin sana'ar da ya karanta zai iya ƙera shi, a ajiye inda kowa zai iya dubawa. Ladanka shi ne shekara 20 daga ranar shigarwa ba mai ƙerawa ya sayar sai da izininka, kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Wa'adi na cika ya zama na kowa har abada. In ka rage wani abu ba ka bayyana ba, wannan kansa dalili ne na soke takardar. Masu ɓoyewa na gaskiya ba sa zuwa wurin ma. Coca-Cola ba ta taɓa neman takarda a kan haɗinta ba, domin da ta nema da tuni kowa ya karanta.

Jikar Wanzamai: Wallahi Anti Barista kin taɓo min inda yake min ciwo. Kakana wanzami ne, yana da wani haɗin ƙuna da mutane ke zuwa nema daga nesa, in ya shafa maka ko tabo da wuya ya fito. 'Ya'yansa goma sha ɗaya bai gaya wa ko ɗaya ba, kullum sai ya ce da sauran lokaci. Ya kwanta rashin lafiya kwana uku bakinsa ya rufe. Mun san akwai man shanu a ciki, mun san yana shiga daji da asuba, shi ke nan abin da muka gada. Ɓoye ilimi kam mu ne gwanayensa, ba mu buƙaci takardar Bature ba.

Malam Na Zaure: Allah ya jiƙansa. Wannan kam asara ce. Bari in koma in duba, kada in yi magana da ka.

Uwar Biyu: Ku yi ta maganar inji, ni ta magani ce a raina. Ina da yaro mai sikila, wanda bai yi jinyar mai sikila ba bai san tsadar magani ba. In mutum ya hana a kwafi injin gyaɗa, manomi zai ɓare da hannu kamar yadda iyayenmu suka yi. In kamfani ya hana a yi magani mai araha shekara 20, mara lafiya ya jira shekara 20 ɗin a ina? A kabari?

Mai Kemis: Hajiya, abin da kika faɗa ya faru, ba misali ba ne. Wajen shekarar 2000, haɗin magunguna uku na masu ɗauke da HIV yana cin dala 10,000 zuwa sama a shekara ga mutum ɗaya, a lokacin da cutar ke share gidaje a kudanci da gabashin Afirka. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don samun magani mai sauƙi, kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Mandela kotu. Sai a watan Fabrairun 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai ba ƙungiyar likitoci ta MSF haɗin a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Duniya ta ga tazarar da ke tsakanin kuɗin haɗa magani da kuɗin sayar da shi. A watan Afrilu kamfanonin suka janye ƙararsu don kunya, a Nuwamba kuma aka yi sanarwar Doha, wadda ta tabbatar cewa ƙasa na da ikon ba wani kamfani lasisin dole ya yi magani saboda lafiyar jama'arta ko mai takarda bai so ba.
Abin da ya ba Cipla dama kuwa shi ne dokar Indiya ta 1970. Ba ta ba da kariya ga ƙwayar maganin kanta, sai ga hanyar haɗa shi. In ka gano wata hanyar, bismillah. A haka suka gina masana'antarsu har 2005 da yarjejeniyar ciniki ta duniya ta tilasta musu canjawa. Ku duba kwalayen da ke kantina, rabi daga Indiya suke. Ba banza ba.

Ɗalibin Kimiyya: Yallaɓai, ban musa ba, amma a yi adalci. Cipla ta kwafa ne, ba ita ta gano magungunan ba. Gano sabon magani na cin shekara goma ko fiye, kuma mafi yawan waɗanda ake gwadawa faɗuwa suke yi a hanya. In kowa zai kwafa ranar da ya fito, wa zai zuba kuɗinsa a binciken na gaba? Ai kukan Oga Maiwalda ke nan, shekara biyu yana ɓarnar ƙarfe wasu suka kwashi garaɓasa. Ba zai yiwu mu tausaya masa mu ce kamfani kuma ya sha haka ba.

Uwar Biyu: Ɗana, Maiwalda bai ninka farashinsa sau talatin ba.

Mai Kemis: Ɗalibi yana da hujja, ni ma ban ce a rushe tsarin ba. Inda nake faɗa da su shi ne dabarar tsawaitawa. Wa'adi ya kusa cika sai a ɗan sauya siffar maganin a nemi sabuwar shekara 20. Kotun ƙolin Indiya ta hana Novartis irin wannan a 2013 a kan maganin kansar jini Glivec. Sannan akwai waɗanda suka ga abin ya fi ƙarfin ciniki suka sake shi. Waɗanda suka gano insulin a Kanada sun sayar wa Jami'ar Toronto takardarsu a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu.

Direban Tirela: Bel ɗin mota ma haka na ji. Injiniyan Volvo ne, Nils Bohlin, ya yi mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, kamfanin ya bar kowa ya yi amfani da shi. Ga shi an ba mu kyauta, mu kuma sai mun hango 'yan Road Safety muke ja.

Sarkin Zolaya: Wasu ma baƙar riga mai zanen bel suke nema, Oga Direba. Wannan ƙirƙirar wa zai yi mata rajista?

Mai Kemis: Bari in kawo muku na gida, tunda Hajiya ta ambaci sikila, don a ga cewa takarda kaɗai ba ta jiƙa gari. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta yi aiki da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Ogunyale, a kan haɗin da yake ba masu sikila. Abu huɗu ne a ciki: masoro, kanumfari, ganyen dawa, da wani itace da Yarabawa ke kira osun. Aka gwada, aka sa masa suna Niprisan, aka samu takardar Amurka a 1998, kuma sunan shi mai maganin yana cikin jerin masu ƙirƙirar. Wannan abin a yaba ne, domin sau da yawa a ɗakin bincike ake mance mai asalin abu. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin yin sa shi kaɗai, a 2006 Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Kamfanin ya durƙushe a 2008, gwamnati ta karɓe lasisin a 2009, magani ya yi ɓatan dabo a kasuwa shekaru. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. A ƙasar da ake ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara. Duk waɗancan shekarun takarda tana nan lafiya lau a aljihun tebur, shekarunta na ƙonewa, babu mai haɗawa.

Uwar Biyu: Masoro da kanumfari? Ai ina da su a kicin.

Mai Kemis: Don Allah Hajiya kar ki soma. Sanin sunayen ba shi ne sanin awo da yadda ake tatsowa ba. Ki tsaya a kan abin da likitansa ya ɗora shi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, na iske zance ya yi nisa. Ni abin da zan ƙara, mu nan Nijar ba mu da wahalar bin ƙasa-ƙasa. Muna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙasashe 17 ne, har da Kamaru da Chadi. Takarda guda ka shigar ta rufe su duka. Kuma akwai wata ƙaramar takarda ta shekara 10 da ake ba irin gyare-gyaren da maƙera ke yi wa kayan aiki, wadda sharuɗɗanta ba su kai na babbar tsanani ba. Ghana da Sudan suna cikin ɗaya ƙungiyar, ARIPO, ta Harare. Ku Nijeriya kun tsaya ku kaɗai, ba ku nan ba ku can. Ma'ana ko Malam Maiwalda ya samu takardar Abuja, in wani maƙeri a Maraɗi ya ga injin ya ƙera, ba abin da ya taka. Kuma gaskiya gyaɗa muna da ita, ku dai ku kawo injin.

Barista: Haka ne, takarda ba ta ƙetare iyaka. Ita ƙaramar takardar da ka ambata kuwa dokarmu ba ta tanade ta ba, alhali ita ce daidai da mutanen Panteka da Ƙofar Ruwa. Akwai hanyar shigarwa ta duniya da Nijeriya ta shiga a 2005, amma ba takardar duniya take ba ka ba, lokaci kawai take saya maka. Ƙarshe sai ka bi kowace ƙasa ka biya.

Jikar Wanzamai: To ni tambayata, irin haɗin kakana, da a ce wani Bature ya zo ya gano shi ya je ya yi masa rajista, shi ke nan mu ya haramta gare mu?

Baba Injiniya: An gwada, jikata, a kan bishiyar da ke ƙofar gidanku ma. Darbejiya. A 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace tare da ma'aikatar noma ta Amurka takarda a kan amfani da manta wajen kashe cutar fumfuna a shuka. Indiyawa suka ce wannan tun kakanninmu muke yi. Aka soke a 2000, aka ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da sokewar a 2005. Kurkum ma haka, a 1995 Amurka ta ba wasu masu bincike a Mississippi takarda a kan warkar da rauni da shi, aka soke a 1997. Amma ki lura da abin da ya ci shari'ar kurkum: rubutu. Tsofaffin littattafansu Indiyawa suka ɗauko, da wata maƙala ta likitoci ta 1953. Daga nan suka zauna suka tattara ilimin maganinsu na gargajiya a rumbun kwamfuta, suka ba ofisoshin rajista na duniya damar dubawa kafin su ba kowa takarda. Mu fa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ga takardun ajami da na Larabci a gidajen malamai gara na ci. Haɗin kakanki kuwa da ba a rubuta ba, ba a gaya wa kowa ba, in wani ya sake gano shi gobe, da me za ku tsaya gaban alƙali?

Malam Na Zaure: Na dawo. Na duba, kuma gaskiya ta fi ƙarfin girman kai. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, suna da ƙima ta dukiya, bai halatta a yi musu ta'adi ba. Akwai malaman da suka saɓa, amma wannan shi ne matsayin majalisar. Na janye kalmar ɓoye ilimi. Inda ban janye ba shi ne maganar Hajiya Uwar Biyu. Riƙe abin da rayuka suka dogara da shi don farashi ya hau, wannan babi ne daban, kuma malamai sun yi magana mai zafi a kan ɓoye abinci ma, balle magani.

Barista: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Da lauyoyi na janye magana haka da shari'u sun ragu.

Tsohon Maƙeri: Ni ban iya dogon rubutu ba, jikana ke buga min. Maiwalda, ina da tambaya kar ka ji haushi. Injin ɓarar gyaɗar da ka gyara, kai ka ƙirƙiro shi? Wanda ya koya maka, ba na waje ya kwance ya auna ya ƙera irinsa ba? Duk layin nan da kwaikwayo muka tashi. Injin markaɗe, injin casa, famfon ban ruwa, wanne ne namu? Da masu su sun biyo mu da takarda da ba mai shago ko ɗaya. Yaronka abin da ya gani a wurinka ya yi. Laifinsa guda ne a wurina, bai zo ya durƙusa ya ce Oga zan fara yin irin naka, ka sa min albarka ba. Wannan kuwa ba maganar kotu ba ce, maganar shugabannin layi ce.

Maiwalda: Baba, ka ɗaure ni da jijiyata. Gaskiya ne, ubangidana wani tsohon injin waje ya kwance muka auna. Kuma da yaron ya zo ya faɗa min, wallahi da zan ce ya je ya yi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne koren fentin da nake yi shi suke yi, har manomi ya kawo min ruɓaɓɓen injin da ba nawa ba yana zagina wai rariyata ta lanƙwashe cikin sati uku.

Barista: Yawwa, ga inda gizo ke saƙar, tun ɗazu ba ka faɗa ba. Wannan kana da magana a kai. Ƙera irin injinka daban, sayar da shi a matsayin naka daban. Na biyun doka ta hana ko ba ka da takardar ƙirƙira. Ka zaɓi suna da tambari ka yi musu rajista, shekara 7 ne karon farko, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14, ba ya ƙarewa muddin kana biya. Ka buga tambarin a jikin ƙarfen da lambar kowane inji, ba fenti kaɗai ba, ka riƙa ba da rasit. In akwai wanda ke cewa mai saye wannan na wane ne alhali ba naka ba ne, ka samu shaidu biyu ka fara da shugabannin layin kamar yadda Baba ya ce. Wasiƙar lauya ta biyo baya in sun ƙi ji.

Malamar Firamare: Ni Mohammed Bah Abba nake ta tunawa, malamin nan na kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa. Tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Sanyin randa kowa ya san shi tun kaka da kakanni, shi ya mai da shi abin adana tumatir da yalo, ya sa magina suka yi dubbai ya rarraba a ƙauyuka. Ya ci kyautar Rolex a 2000. Shi burinsa ma a kwaikwaya ne. Ba cewa nake Oga ya yi sadaka da guminsa ba, amma shago bakwai na yin injinka, ai shaida ce cewa kai ne gaba.

Maiwalda: Malama, shaida ba ta biyan kuɗin makaranta, amma na gode. Na gode muku duka wallahi, zuciyata ta yi sanyi. Kuma ba a nan na tsaya ba. Wata biyar ke nan ina aiki da dare bayan yara sun tashi, na haɗa wani abu a bakin fankar da ke raba ƙwaya gida biyu, manya gefe ƙanana gefe, a zuba ɗaya. Ba wanda ya gani, ko matata. Bari in ɗauko hotonsa a waya ku gani ku ba ni shawara.

Barista: KAR KA SAKA! Malam Maiwalda, mutum nawa ne a zauren nan?

Admin: 846.

Barista: To ka ji. Kar ka saka, kar ka tura wa kowa ta bayan fage, har ni. Kar ka kai shi gonar kowa gwaji. Ka samu littafi ka zana shi, ka rubuta yadda yake aiki da kwanan wata. Kafin ka kashe ko sisi, ka sa wani mai kwamfuta ya duba maka a Google Patents ko an riga an yi irinsa, kyauta ne, kuma injinan tantance ƙwaya suna da yawa a duniya, kar ka sa rai da yawa. In hanya a buɗe take, hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su. A dokarmu wanda ya riga shigarwa shi ke da abu. Ka shigar tukuna, sannan ka yi bidiyonka.

Maiwalda: Har na zaɓo hoton, saura in danna. Na fasa.

Ɗan Maraɗi: Kash. Ni da na riga na kira maƙerinmu na ce ya matso kusa da waya.

Tsohon Maƙeri: Wayar ma ka sa mata makulli. Yaran shago ba hannu kaɗai gare su ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ka same ni, mu je wurin shugaban layin tare, a kira yaron.